Na'urar da ke hango ƙarƙashin ƙasa ba tare da haƙa ba: Ina aka kwana?

A watan Fabrairun 2022, masu bincike a Jami'ar Birmingham da ke Ingila suka bayyana a mujallar Nature cewa sun gano wani rami da ke kimanin mita 1 a ƙarƙashin titi, ba tare da sun kafa diga ba. Sun yi amfani da na'urar fasahar kwantum mai auna ƙarfin jan da ƙasa ke yi wa abubuwa.

Wannan ƙarfi ba ɗaya yake a ko'ina ba. Dutse mai nauyi yana ƙara shi, kogo ko rami kuma yana rage shi, duk da cewa bambancin ƙanƙane ne ƙwarai. Masu neman ma'adinai sun daɗe suna auna shi da na'urori masu sifirin a ciki, sai dai sifirin yana saki a hankali, kuma girgizar mota ko iska tana dagula sakamakon.

Sabuwar na'urar tana sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam da hasken leza, ta sake su su faɗi, sannan ta auna saurin faɗuwarsu. Ta Birmingham tana sakin rukuni biyu a lokaci guda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Tunda girgiza tana taɓa su tare, idan aka kwatanta su sai tasirinta ya fita daga lissafi.

Ba Ingila kaɗai ke wannan tsere ba. A shekarar 2020 an girke na'urar kamfanin Muquans na Faransa a kan dutsen Etna mai aman wuta a Italiya, inda ta yi watanni tana bibiyar sauyin da motsin narkakken dutse ke haifarwa.

To amma da sauran rina a kaba. Na'urorin suna da nauyi da tsada, suna kuma buƙatar lantarki da ƙwararrun masu sarrafa su. Haka nan awon bai isa shi kaɗai ba, domin ƙaramin abu da ke kusa da babban abu da ke can ƙasa suna iya ba da alama iri ɗaya. Dole a haɗa shi da wasu hanyoyin, irin su rada ko awon lantarki da ake yi kafin haƙa rijiyar burtsatse a Najeriya da Nijar.

Abin da ya rage shi ne a rage girmanta da kuɗinta, ta kuma jure zafi da ƙura. Sai an kai nan za ta amfani injiniyan da ke tsoron fasa bututu, ko al'ummar da ke zaune a kan tsofaffin ramukan ma'adinai ba ta sani ba.