Dillalin Wuta: Wanne Ya Kamata Mu Ɗauka?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi da dare an ɗauke wuta ya san cewa fawa banki ta zama fitilar wannan zamani. Yanzu kuwa har rawuta da ƙaramar fanka muke so ta ɗaukar mana. Abin da ke kai da yawanmu kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni ke nan, musamman masu aikin shekarar ƙarshe a fannin lantarki, neman ɗan ayisin da zai jawo wutar.

Ga yadda al'amarin yake. Bakin USB-C ba ya ba da abin da ya wuce bolt 5 sai an yi ciniki. Caja ita ke fara talla, ta ce tana da 9, ko 15, ko 20. Na'ura ta taya. Caja ta sallama, sa'an nan wuta ta hau. Wannan ƙa'ida ta USB PD ta fito a 2012 da iyakar wat 100, aka ɗaga ta zuwa 240 a 2021. Ayisin nan shi ne dillalin na'ura a wurin cinikin.

Dillalan iri biyu ne. FUSB302 ɗan aike ne kawai, sai an haɗa shi da ƙaramar kwamfuta an rubuta mata dukan ƙa'idar, aikin da kan cinye wa ɗalibi zango guda. Akwai kuma masu cin gashin kansu, irin su CH224K na ƙasar Sin, wanda rasista ɗaya ta isa ta gaya masa bolt nawa ake so, da STUSB4500 wanda ake ajiye wa buƙatu har uku a cikinsa. A ganinmu, wanda wuta kaɗai yake nema ba shi da hujjar wahalar da kansa da na farkon.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Mun saba tambayar kuɗi tukuna, alhali kuwa tambayar fari ita ce: in caja ba ta da abin da aka taya, me dillalin zai yi? Rawuta da yawa bolt 12 suke ci, ƙa'idar kuwa ba ta tilasta wa caja ta ba da 12 ba. Wani ayisin sai ya karɓi abin da ya samu ya miƙa, rawuta ta yi ta mutuwa tana tashi, mai ita yana zagin kamfanin layi a banza. STUSB4500 ana iya saita shi ya rufe ƙofa har sai an daidaita, watau dillali ne da ya iya cewa albarka. CH224K kuma yana da ƙafa guda mai shaida cewa ciniki ya faɗa, sai dai lalle mai haɗi ya sa makunni a bayanta da hannunsa.

Saboda haka muna roƙon malamanmu kada su karɓi aikin da aka gina a kan ayisin da aka kankare lambarsa, domin abin da ba shi da suna ba shi da takardar bayani. Sa'an nan a gwada kowane aiki da caja uku dabam-dabam a gaban mai dubawa. A duba wayar ma: wadda ba ta da nata ɗan ayisin a ciki, caja ba za ta sakar mata fiye da amfiya 3 ba, watau wat 60 a bolt 20.