Wa Muka Bar Wa Tsofaffinmu A Kafanchan?

'Yan'uwana mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Sabon Badun, da na Fatakwal da Anaca, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku, gama maganar da zan yi yau ta shafi gidan kowannenmu, Musulmi da Kirista.

Da Sallar da ta wuce na leƙa gida, na kuwa biya ta Kafanchan domin in gai da wani abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya haura shekara 80. 'Ya'yansa biyar, dukansu suna nan Kudu tare da mu, kuma ba wanda zai ce sun gaza masa. Na ga buhun shinkafa a ɗaki, na ga wayar hannu sabuwa, rufin kwano kuma ba ya yoyo. Amma tun daga la'asar mutumin nan ya riƙe ni da hira har bayan isha'i, duk lokacin da na yi yunƙurin tashi sai ya jawo wani labari. Daga bisani ya gaya mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa kwana uku ke nan ba wanda ya yi masa sallama, in ban da yarinyar da ke kawo masa tuwo.

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu tuna yadda garin ya kafu. Kafanchan ƙasar Fantswam ce tun asali, amma jirgin ƙasa ne ya mai da ita birni. A 1927 hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal, ta bi ta Inugu da Makurɗi, ta haɗu da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, sai Kafanchan ta zama mararraba. A 1933 Sarkin Jama'a ya komo da fadarsa nan. Ibo da Yarabawa da Tibi da Hausawa da Bajju da Kagoro da Jaba duk suka taru a kan aiki ɗaya, ƙarar jirgi ita ce agogonsu. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a irin wannan wuri bai san zaman kaɗaici ba. Da harkar jirgi ta durƙushe, sai aikin ya tafi, samari suka bi shi, watau mu ke nan. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ƙafa ta yi wa nauyi.

Bayan haka sai fitina ta zo ta raba ragowar. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. Na bayan zaɓen Afrilu 2011 kuwa ya ci kasuwar garin, ya ci rayuka a Zonkwa da Matsirga. A 2016 aka far wa Godogodo da Goska. Jaridu sun ƙirga gawawwaki da gidaje, amma akwai asarar da ba a ƙirga ba. Unguwanni sun rabu bisa ga addini, kowa ya koma inda yake ganin zai kwana lafiya. Saurayi yana iya yin sababbin abokai a sabuwar unguwa. Tsoho fa? Abokansa su ne waɗanda suka yi aiki tare shekara 30, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, rabin sauran kuma suna wancan ɓangaren gari, inda 'ya'yansa suka hana shi zuwa don tsoro. Ga kuma manoman citta na Kachiya da ƙasar Jaba, waɗanda cutar 2023 ta ruɓar musu da amfani a cikin ƙasa. Dattijon da ya saba shi ke biyan kuɗin makarantar jikoki, yau shi ke jiran a aiko masa. Wannan ma ciwo ne, ko da ba ya sa zazzaɓi.

Kada wani ya ce wannan maganar Turawa ce. A nan Badun aka yi binciken, ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, aka buga shi a mujallar likitoci ta Lancet a 2007. An tambayi tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da matsanancin ciwon damuwa a rayuwarsa, kimanin 7 cikin 100 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Yarabawa kuwa ba su gaza mu girmama iyaye ba, kuna dai gani da idonku yadda suke kwanciya ƙasa su gai da babba. In haka ta same su, namu ba da ƙarfe aka ƙera su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a Nuwamba 2023 ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici, domin ta ɗauke shi barazana ce ga lafiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sunan da muke ba ciwon. Tsoho ya daina barci, ya daina cin abinci, ya riƙa faɗa ba dalili, sai mu ce rikicin tsufa ne, a ƙyale shi. Tsohuwa ta fara mantuwa, ta fita da dare ba ta san inda za ta ba, tana kiran sunayen matattu, sai wani ya ce mayya ce. Subhanallahi! Matar da ta goyi rabin yaran unguwa, a ƙarshen ranta a riƙa jifarta da wannan kalma, alhali kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne da likitoci suka sani, ciwon damuwa kuma har magani gare shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, sai dai tafiya ce ta sa'o'i daga Kafanchan, wa zai kai ta in 'ya'yanta suna Ikko?

Gwamnati ba ta rasa takarda ba. A Janairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 ta fara aiki, a shekarar kuma aka amince da manufar ƙasa game da tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a ɗauke wa kuɗin magani. Madalla. Amma fansho galibi na wanda ya yi aikin albashi ne, shi ma ɗin sai ya sha layi da tantancewa. Manomi da maƙeri da mai sayar da ƙosai ba su da ko sisi. Jihar Ekiti ta gwada a 2011, ta riƙa ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata. Kuɗin ba yawa, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa. Lalle ne wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Jihar Kaduna su ɗauki wannan magana, mu kuma mu tambaye su ita duk ranar da suka zo Kudu neman goyon bayanmu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, mai gadi ko mai tura baro a Ikko ba zai iya zuwa gida sau uku a shekara ba. Gaskiya ne, ni ma albashi nake jira. Wani kuma zai ce to a ɗauko su mana. Na ga an yi haka, ban kuwa ga ya yi kyau ba. An ɗauko dattijo daga gindin mangwaron da ya shuka da hannunsa, an ajiye shi a ɗaki ɗaya a saman bene, ba ya jin Yarabanci, masu gida sun fita tun asuba. Kaɗaicin da aka gudu shi aka tarar, har da ƙari.

Abin da nake gani ya fi shi ne mu yi amfani da abin da muke da shi. Ba garin Kudu da ba mu da ƙungiya a cikinsa, ta gari ko ta ƙabila, ga kuma fadar Sarkin Hausawa. Muna da asusun kai gawa gida, muna da na biki. Me zai hana a ware kashi ɗaya domin masu rai? A rubuta sunayen iyayen 'yan ƙungiya da unguwanninsu, duk wanda zai tafi gida a ba shi sunaye uku ya je ya zauna da su, zama na sosai, ba gaisuwar bakin ƙofa ba, tun da zumunci a ƙafa yake. A ɗauki ma'aikacin lafiya guda a riƙa biyansa ya zaga sau ɗaya a wata, ya auna hawan jini, ya tambayi barci da ci. A kafa rumfa da benci da dara da rediyo a wurin da kowane ɓangare zai iya zuwa ba fargaba. Wannan na ƙarshe mu ne ya fi wa sauƙi, domin a nan Kurmi ba mai tambayar Bajju ne kai ko Bafulatani, dukanmu Malam ake ce mana, mota ɗaya muke shiga zuwa gida.

Kashegarin wannan hira na ɗauki hayar keke mai ƙafa uku, na kai abokin mahaifin nawa gidan wani tsohon abokin aikinsa, Kirista, a ɗaya gefen gari. Rabonsu da juna tun 2011. Tafiyar ba ta kai minti 15 ba. Na bar su suna gardama a kan ko wane ne a cikinsu ya fi iya tayar da injin gawayi a hawan Jos, na koma na biya mai keken kuɗin wata uku, ya riƙa kai shi kowace Laraba. Watannin sun kusa cika, kuma na rubuta wa babban ɗansa da ke Fatakwal cewa biya na gaba nasa ne.