Ƙanwata tana gudu, jami'a ba ta san da ita ba



Ranar Asabar na bar wa yaronmu shagon Baba, na tafi wata jami'a nan ƙasar Yarabawa don in kalli ƙanwata a tseren mita 400. Wallahi abin da na gani bai yi min daɗi ba. An ce mata za su fara da safe, amma sai bayan azahar suka samu fili, wai sai maza sun gama ƙwallonsu. Babu ɗakin canja kaya, bayan wata bas suka laɓe suna kare juna da zani. Takalmin gudu ma aron juna suke yi, wannan ta cire waccan ta sa. Kocin nasu na maza ne, sai ya samu sarari yake leƙo su.

A ƙasar nan fa, inda mata ne ke fitar da mu kunya! A 2025 Super Falcons suka ci kofin Afirka karo na 10 a Maroko, D'Tigress kuma suka ɗauki na ƙwallon kwando karo na biyar a jere. Tobi Amusan 'yar Ijebu Ode ce, nan kusa da mu, amma jami'ar da ta gyara ta tana El Paso a Amurka, kafin ta kafa tarihin duniya a 2022. Can suna da doka tun 1972 da ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mata bambanci, har a wasanni. Mu kuwa tun 1966 aka fara gasar jami'o'i ta NUGA a Ibadan, amma ga 'yan mata a bayan bas.

Sai dai mu ma da namu laifin. Kaf filin nan Bahaushiya ɗaya ce, ita ɗin ma sai da Inna ta sa baki Baba ya bari. Ban ce tsoron iyayenmu ba shi da dalili ba, maganar sutura ce da cakuɗuwa da maza. To ai wannan abu ne da ake nema a samu. Tun 2014 aka halatta wa mata buga ƙwallon ƙafa da ɗankwali a dokar wasan, ƙanwata ma da dogon wando da hijabi take gudu. Mu da ke biyan kuɗin makarantar nan, me zai hana shugabannin unguwa su rubuta wa hukumar jami'a su nemi koci mace, da lokacin mata na kansu, da ɗaki mai ƙofa?

Ta zo ta uku da takalmin aro. Da muka koma gida Baba bai ce komai ba, da safe ya tambaye ni nawa ake sayar da irin takalmin nan mai ƙusa.