A Duba Kasko Kafin A Sayi Ipekere

Duk wanda cunkoson motoci ya taɓa ritsawa da shi a Oshodi ko Mile 12 ya san yaran nan masu bin tagogin mota da soyayyar agade a leda, wadda Yarbawa ke kira ipekere. Ga yawancin jama'a abin taɓa ka lashe ne kurum. Amma akwai waɗanda ledar nan ɗaya kan iya kwantar da su, watau masu ciwon siliyak.

Ciwo ne da kan kama kamar mutum 1 cikin 100 a duniya. Jikin mai shi ba ya shiri da gulutin, wato danƙon nan na alkama da sha'ir mai sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi. In ya ci, sai cikin ƙaramin hanjinsa ya lalace, ga gudawa, ga kumburi, ga ƙarancin jini, yaro kuwa ya ƙi girma. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama cikin 1950, bayan ya lura yaran da yake jinya sun ji sauƙi lokacin da burodi ya yi wuya a yunwar 1944 zuwa 1945. Har yau maganinsa ɗaya ne, barin duk abin da ke da gulutin muddin rai.

To, agade ba ta da gulutin, haka dankali da doya da rogo. Sai mai ciwo ya saki jiki, alhali kuwa a nan gizo ke saƙar. Mai suya a bakin titi ba ta da kasko biyu. Man da ta soya cincin da fanke da safe, shi za ta zuba wa agade da rana, kuma ɗan ɓurɓushin da ya rage ya isa. Ƙa'idar duniya ba ta yarda a ce abinci ba shi da gulutin ba sai in bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba.

Na kanti ma ba a shaidarsu da ido. Pringles da ake ɗauka dankali ne zalla, akwai sitacin alkama a ciki, an kuwa rubuta a jikin gwangwanin. Waɗansu kuma a garin ɗanɗanon da aka barbaɗa musu alkamar take ɓuya.

Bahaushen Agege ko na Sabo a Badun yana da sa'ar da bai sani ba. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca, duk babu gulutin a cikinsu. Sai dai ya tambayi mai ɗanwake, don yanzu ana yawan haɗa shi da fulawa.

Ya kamata NAFDAC ta matsa wa masu ƙulla ipekere a leda su riƙa rubuta abin da ke ciki, har da ko man ya taɓa fulawa. Kafin nan, uwar da likita ya hana ɗanta alkama ta yanka agaden ta soya a gida da sabon mai.