Manhajar da ta ƙi karɓar sunan Sa'adu, da wa aka gwada ta?

Duk mai riƙe da babbar waya a Yelwa ko Wara ya san wannan takaicin. Ka buɗe manhaja za ka yi rajista, ka rubuta Sa'adu ko Asma'u, ta ce sunan bai inganta ba. Ka rubuta Ɗanlami da ɗ mai lanƙwasa, a rasit ya fito da alamar tambaya. A ganina, tun a wurin gwaji aka shuka wannan matsala.

Kafin a saki manhaja, maginanta suna gwada ta da mutanen bogi. A da, da hannu ake rubuta su cikin fayil, mutum biyar ko goma. Yanzu akwai masana'antar bayanan gwaji: ka tsara samfurin mai rajista sau ɗaya, da suna da lambar waya da adireshi, ita kuma ta riƙa ƙera maka mutum ɗaya ko dubu, kana sauya abin da kowane gwaji ke buƙata kawai. Masu Ruby suna da factory_bot, masu Python suna da factory_boy, Laravel kuwa da tata take zuwa. Galibi ana haɗa su da Faker mai ƙirƙiro sunaye, wadda idan ba a saita ta ba, Amurkawa zalla take haifarwa, kowa da lambar gida da sunan titi.

To ina masuncin da ke tsibiri a tafkin Kainji, wanda adireshinsa bai wuce sunan tungarsu da "kusa da masallaci" ba? Ina gidan da ke Shanga inda mutum huɗu ke amfani da layi ɗaya, biyu daga cikinsu kuma duk Muhammad Sani? Ga dattawan da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Hatta lambar wayarmu mai alƙaluma 11 da sifili take farawa, kuma manhajar da ta adana ta a matsayin adadi za ta haɗiye sifilin. Gwaji dubu zai iya yin nasara ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wasu magina sukan ce mafita ita ce a kwafo bayanan kwastomomi na gaske a yi gwaji da su. Wannan ganganci ne. NIN da BVN na mutane ba kayan wasa ba ne a kwamfutar kowane ma'aikaci, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanai.

Don haka matasanmu masu koyon gina manhaja, idan kun zo tsara masana'antarku, ku cika ta da Mu'azu da Ƙasimu da 'Yar Shehu, da adireshin da ba shi da titi, da layi ɗaya mai mutum huɗu. Aikin yini guda ne, kuma kowane gwaji da kuka rubuta daga baya zai gaje shi.