SU DAINA JUYA AGOGO, AMMA A WANE LOKACI ZA A TSAYA?

Masu kallon ƙwallon Firimiya sun san wannan abin ko da ba su san dalilinsa ba. Wasan da ake take shi ƙarfe 3 na rana a Ingila, a watan Satumba ƙarfe 3 ne a wajenmu, amma da an shiga Nuwamba sai ya koma ƙarfe 4. Agogonmu bai motsa ba, nasu ne suke juyawa. Duk Lahadin ƙarshe ta Maris ƙasashen Turai suna tura agogo gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da shi. Amurka kuma tana turawa a Lahadi ta biyu ta Maris, ta mayar a Lahadin farko ta Nuwamba. Wanda aka tura gaba shi ne agogon bazara, wanda ake komawa kuma shi ne agogon asali.

Yanzu mutanen can sun gaji da wannan kai-komo. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina. Majalisar Turai ta amince a 2019, sai maganar ta maƙale a hannun gwamnatocin ƙasashen. A Amurka, Majalisar Dattawa ta amince a Maris ɗin 2022 da ƙudirin Marco Rubio, wanda a lokacin sanata ne daga Florida, cewa a zauna a kan agogon bazara har abada. Majalisar Wakilai ko ƙuri'a ba ta kaɗa a kai ba.

Ni dai ra'ayina, su daina juya agogon, wannan daidai ne. Amma in za a tsaya, a tsaya a kan agogon asali, wanda ya fi kusa da tafiyar rana. Dawwamar da agogon bazara gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mu fara da abin da ya kawo tsarin. Jamus ce ta fara shi a matakin ƙasa a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a rage ƙona kwal wajen haska gidaje da dare. Ingila ta bi a shekarar, Amurka ta bi a 1918. A zamanin da kunna fitila ne babban abin da ke cin wuta, lissafin yana da ma'ana. Yau fa? Ƙwan lantarki na zamani ba ya cin komai, na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi su ne masu ci. Da jihar Indiana ta shiga tsarin gaba ɗayanta a 2006, masana tattalin arziki sun bi takardun kuɗin wutar gidaje, suka tarar amfani da wuta ƙaruwa ma ya yi da kusan kashi 1 cikin 100. To ina ribar?

Illar juyawar kuwa a fili take. Mutum ya rasa barcin awa ɗaya a dare guda, washegari ya kama sitiyari. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna haɗurran mota masu kisa a Amurka suna ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin 100 a makon da aka tura agogo gaba. Don haka masu cewa a daina suna da gaskiya.

Inda muka rabu da su Rubio shi ne a kan wane agogo za a zauna. Hujjarsu ita ce hasken yamma. Mutum ya tashi daga aiki ya tarar da sauran rana, ya shiga kasuwa, yara su yi wasa a waje, ɓarayin titi su rasa duhun fakewa. Ba na raina wannan hujja. Duk wanda ya san yadda magariba ke faɗawa tun wajen ƙarfe 4 a Landan cikin Disamba zai fahimci abin da ke damunsu.

Sai dai fa jama'a, majalisa ba ta ƙara wa rana ko minti ɗaya. A tsakiyar hunturu hasken yini a Landan bai cika awa 8 ba. Duk awar da ka ƙara wa yamma, daga safiya ka ɗebo ta. Ranar da ke fitowa ƙarfe 8 da 'yan mintuna a Landan za ta koma fitowa bayan ƙarfe 9. A Glasgow sai wajen 10 saura kwata. A Detroit da Indianapolis na Amurka ma sai ƙarfe 9. Wa ke kan titi kafin wannan lokacin? Yaran makaranta da ke jiran bas, da magina, da masu shara, da ma'aikatan asibiti masu karɓar aikin safe. Mai shago da mai filin wasa su ci ribar yamma, ƙaramin yaro ya biya da tafiya cikin duhu da ƙanƙara.

Kuma ai an gwada. A Janairun 1974, saboda tsadar mai bayan takunkumin ƙasashen Larabawa, Shugaba Nixon ya sa Amurka a kan agogon bazara ba komawa, da niyyar gwajin kusan shekara biyu. Kafin a fara, kashi 79 cikin 100 na goyon baya. Cikin Fabrairu, bayan iyaye sun yi makonni suna raka yara makaranta da tocila, goyon bayan ya sauko zuwa kashi 42. Kafin hunturu na gaba majalisa ta janye. Birtaniya ta yi irin wannan daga 1968 zuwa 1971, ita ma ta watsar. Rasha ta yi a 2011 zamanin Medvedev, a 2014 Putin ya sa hannu aka koma agogon asali. Ƙasa uku, zamani uku, sakamako ɗaya. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Ko a nan Afirka muna da misali. 'Yan uwanmu na Sudan sun sha wannan: a 2000 gwamnatin al-Bashir ta tura agogo gaba da awa ɗaya, aka zauna a haka shekara 17, sai a Nuwamban 2017 aka mayar da shi. Maroko kuma ta dawwamar da agogon bazara a 2018, ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka kuma ware watan Ramadan ana komawa agogon asali a cikinsa. Ka ga kenan da aka zo watan da rayuwar kowa ke rataye da alfijir da faɗuwar rana, gwamnati da kanta ta koma bin rana.

Likitocin barci ma nan suka tsaya. Ƙungiyarsu ta Amurka ta fitar da matsaya a 2020 cewa a daina juyawa, a zauna a kan agogon asali. Dalilinsu, jikin ɗan Adam da hasken safiya yake saita kansa. In safiya ta yi duhu yamma ta yi haske, barci ba ya zuwa da wuri, amma ƙararrawar tashi ba ta jira. Mu da muka taso muna auna yini da asuba, hantsi, azahar da la'asar, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu. Babu dokar da za ta matso da alfijir.

To mai son hasken yamma fa, ya zai yi? A canza lokacin aiki, a bar agogo. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda ake yi. Azumi na zuwa, wasu jihohinmu na Arewa sukan fitar da takardar sanarwa cewa an rage lokacin tashi daga ofis, kuma ba wanda ya taɓa agogon Najeriya. Kamfanin da ke son ma'aikatansa su tashi da sauran rana ya buɗe ƙarfe 8 maimakon 9. Makarantar da ke arewa mai nisa ta jinkirta shiga aji a hunturu. Kowa ya yanke daidai da garinsa, maimakon doka ɗaya ta hau kan mutumin Florida da na Michigan alhali ranarsu ba ɗaya ba ce. Hawaii da mafi yawan Arizona ba sa juya agogo, Meziko ma ta daina a 2022 ta zauna a kan na asali in ban da wasu garuruwan kan iyaka, kuma duniyarsu ba ta tashi ba.

Mu a nan Allah Ya hutar da mu. Bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Kano kusan awa ɗaya da rabi ne kacal, babu abin da za mu tsinta a juya agogo. Amma muna da 'ya'ya da ƙanne a Landan da Houston da Berlin, kuma yaransu ne za su tsaya jiran bas cikin duhu in aka zaɓi agogon bazara. Wanda ke da ƙuri'a a can, ya duba wannan kafin ya ce "a ƙara mana rana".

Allah Ya sa mu dace.