Masu koyar da haɗa kanel a YouTube, ku ji tsoron Allah

Na gaji da ganin yaranmu na Diggi da Kalgo suna raba dare a kan laftof 'yar gwanjo, suna haɗa kanel ɗin Linux da hannunsu, gari ya waye kwamfuta ta ƙi tashi. Yaran ba su da laifi a wurina. Haushina yana kan masu bidiyon nan da ke cewa a buga make localmodconfig don kanel ya yi sauƙi, sannan su yi gum a kan ɓarnar da umarnin ke iya yi.

Umarnin yana duba modul ɗin da ke aiki a daidai wannan lokacin, ya ajiye su, ya zubar da sauran. Mai bidiyon yana Turai, igiyar intanet na fitowa daga bangon ɗakinsa, bai yi asarar komai ba. Yaron Diggi kuwa wayarsa ce intanet ɗinsa, da kebul yake jona ta. In ba a jone take ba sa'ad da ya buga umarnin, rndis_host da cdc_ether sun tafi ke nan. Ya kunna sabon kanel babu intanet, babu ta inda zai sauko da gyara, ga datansa ta ƙare tun wajen sauke tushen kanel mai fiye da megabait 100. An hau da shi bishiya an janye tsani.

Wasu masu bidiyon ma ko make modules_install ba sa ambata. To ina modprobe zai sami abin lodawa, alhali babu jaka a /lib/modules mai suna iri ɗaya da abin da uname -r ya nuna? Ba sa cewa a sake gina initramfs, kuma in direban faifai ko ext4 a matsayin modul aka haɗa shi, kanel ba zai ga faifan da zai tashi daga kansa ba. Saƙon kuskuren "Invalid module format" na nufin an gina modul ɗin don wani kanel daban, modinfo zai nuna vermagic ɗinsa a kwatanta. "Key was rejected by service" kuma Secure Boot ne ya ƙi modul marar sa hannu. Duk saƙonnin nan biyu, dmesg na faɗin dalilinsu ƙarara, amma wa ya koya wa yaro ya karanta?

Sai ya ɗauki laftof ya biya kuɗin mashin zuwa Birnin Kebbi, wani mai gyara ya leƙa allo sau ɗaya ya ce, "Ƙanena, sai dai a goge a sa Windows." Haba malam! Tsohon kanel yana nan daram a jerin GRUB. A tashi da shi, a jona wayar da duk wata na'urar USB da ake amfani da ita, a sake haɗawa da sabon suna a CONFIG_LOCALVERSION. Minti nawa wannan bayanin zai ci a bidiyon da aka ɓata rabinsa wajen roƙon mu danna ƙararrawa?